Uwargida, Zo Mu Warware Kalmar "Throw"

 

A ajin matan aure da nake ɗauka da yamma akwai wata ɗaliba mai ƙoƙari, wadda ba ta fashi kuma ba ta makara. Ran nan sai ga ta ana gab da tashi, da goyo, idanunta sun yi ja. Ashe asibiti ta wuni da yaron. Likitar da ta duba shi ba ta jin Hausa, sai ta tambaye ta da Turanci: "Is he throwing up?" Ita kuwa ta yi sakandare, ta san "throw" jifa ne, "up" kuma sama ne. Ta dubi yaron da ko zama bai fara ba, ta ce a ranta, wannan me zai jefa sama? Sai ta ce a'a. Alhali kuwa tun asuba yaron yake kwara amai, kuma abin da likitar take tambaya ke nan. Allah Ya taimaka wata ma'aikaciyar jinya tana kusa, ta maimaita mata da Hausa. Amsar nan ba ƙarama ba ce, domin da ita likita kan gane ko ruwan jikin yaro yana ƙarewa, da kuma ko maganin sha zai zauna a cikinsa ko sai an yi allura.

Wannan ne ya sa na ce bari a wannan watan mu zauna a kan wannan 'yar kalma. Tana cikin aikin gida na yaranki, tana jikin kwalin magani, tana bakin likita.

Mu fara da yadda ake faɗinta. Da yawanmu "turo" muke cewa, har yaro ya rasa ko jifa ake nufi ko tura ƙofa. To ke da kika yi tajwidi kin fi kowa sauƙi. Sautin farkon kalmar shi ne na harafi na huɗu a jerin baƙaƙen Larabci, mai ɗigo uku a sama, wanda muke sha da ku a aji kullum: kan harshe ya taɓa gefen haƙoran gaba na sama, iska ta fita. Idan kin iya shi a karatu, kin iya shi a nan. Sannan kalmar ba ta bin ƙa'idar da yara suka saba ta ƙara "ed" a ƙarshe. Idan abin ya wuce "threw" ake cewa, idan kuma "has" ko "have" ko "was" ta gabace ta, sai a ce "thrown". In kin ga "throwed" a littafin ɗanki, gyara masa kafin jan biron malama ya hau kai. Ki kuma lura da shifta: "threw" da "through" faɗinsu ɗaya ne, haka "thrown" da "throne", wato gadon sarauta. Nan yara suke zubar da maki.

Wani abin mamaki, asalin kalmar ba jifa take nufi ba. A tsohon Turanci ma'anarta murɗawa ko juyawa, sai wajen shekara ta 1300 aka fara amfani da ita a kan jifa. Har yau Bature mai ginin tukwane a kan faifai mai juyawa da ita yake kiran aikinsa.

Yanzu ga 'yan'uwanta. A nan Hausarmu ce za ta taimake ki, domin mu ma ba kalma ɗaya gare mu ba. Ki duba bambancin "jefo mini makulli", da "ta wurga masa takalmi", da "ya yar da kwalin". Duk abu ne ya bar hannu, amma zuciyar mai hannun daban ce. Haka Turanci yake. "Throw" ita ce uwa, tana shiga ko'ina. "Toss" jifa ne mara ƙarfi, na kusa, kamar ki cilla wa 'yarki albasa daga bakin murhu. Da ita ake faɗin cilla kwabo sama kafin a fara ƙwallo, da juyin da mara lafiya yake yi a kan gado ya kasa barci. "Hurl" kuwa wurgi ne da iyakar ƙarfi, galibi da fushi, shi ya sa har zagi sukan ce an wurga shi da ita. "Fling" ita ce ta yaron da ya dawo daga makaranta ya yi wurgi da jaka a tsakar gida bai ko waiga ba. Akwai "chuck", amma ta hira ce, kada yaro ya sa ta a jarrabawa.

Ina yawan kawo misali da jifan Shaiɗan a Mina. Abin da aka umarci mahajjaci shi ne ya jefa tsakuwa bakwai ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, yana kabbara. Wannan "throw" ne. Amma wanda ya fusata ya tuɓe silifa ya wurga yana ashar, shi "hurl" ya yi, kuma ba haka aka koyar ba.

Wadda ta fi burge ni ita ce "cast". Tsohuwa ce, ba a cika jinta a hirar gida ba, amma dubi inda ta maƙale. Da ita suke cewa an jefa ƙuri'a, mu ma jefawa muke cewa. Da ita masunci yake jefa raga a ruwa. Da ita suke faɗin yi wa mutum sihiri, mu kuma ga shi muna cewa "an yi masa jifa", Allah Ya tsare mu. Larabci ma bai tsira ba: kalmarmu ta ƙazafi daga gare shi muka aro, kuma asalin ma'anarta jifa. A aya ta 4 ta Suratun Nur, da lafazin jifa aka ambaci masu yi wa mata kamammu sharrin zina, aka yanke musu bulala 80 idan ba su kawo shaidu huɗu ba. Harsuna uku, kowanne ya ga cewa magana ma ana jifa da ita. Mu da muke taruwa a gidan biki da gidan suna, wannan namu ne.

To amma inda ɗalibata ta yi tuntuɓe ba a nan ba ne. Matsalar tana ga 'yar ƙaramar kalmar da take biyo bayan "throw". Kada ki taɓa fassara su ɗaya-ɗaya; ki haɗa su ki ɗauke su a matsayin kalma guda. "Throw up" amai ne, kuma likita zai iya cewa "vomit", duk ɗaya. "Throw out" fitar da abu ne a zubar, ko korar mutum daga wuri. In aka ce kotu ta yi wa ƙara haka, watsi ta yi da ita. "Throw a party" ba a jefa komai, walima ce aka shirya. Idan malamar ɗanki ta rubuto cewa yana "throw tantrums", tana nufin yana birgima da ihu in an hana shi abu, ba wai yana jifan yara ba, don haka a bincika kafin a ɗauko bulala. "Throw in the towel" daga damben Turawa aka samo shi, inda mai horar da ɗan dambe yake jefa tawul cikin fage don a tsai da wasa. Ma'anarsa an sallama. "A stone's throw" kuwa wuri ne na kusa, abin da mu za mu ce "nan da can".

Na bar "throw away" a ƙarshe da gangan, don ita ce ta shafi lafiyar gidanki. Ma'anarta a zubar, a yar. A jikin magani sau da yawa 'yar'uwarta ta boko za ki gani, wato "discard". Ki riƙe su biyun nan da kyau. Ruwan gishiri da sukari na leda da ake haɗa wa mai gudawa, idan ya kai awa 24 da haɗawa zubar da shi ake yi a haɗa sabo. Maganin yara mai zuwa a gari, wanda ake zuba wa ruwa a girgiza, yana da 'yan kwanakinsa bayan an haɗa, wani 7 wani 14, kuma an rubuta a jikin kwalbar. Maganin ɗigawa a ido galibi mako huɗu ne bayan an buɗe. Na san halinmu, ba ma son asara. Ragowar maganin Abba sai a ɗora a kan firji, wata biyu in ƙanwarsa ta fara tari a ɗauko. Wannan ba tattali ba ne, uwargida. Maganin da ya wuce kwanakinsa ƙarfinsa yana raguwa, na ido kuma ƙwayoyin cuta suna iya shiga cikinsa, ki ɗiga wa yaro ciwo da hannunki.

Ga abin da na sa ɗalibaina suka yi, ke ma ki gwada yau bayan sallar isha'i. Ki kwaso duk magungunan da ke ɗakinki, ki zaunar da babban ɗanki ko 'yarki, ku bi kwali-kwali kuna neman "discard" da "throw away". Shi ya karanta, ke ki faɗi ma'ana, ku duba kwana nawa aka ce. Wanda kika manta ranar da aka buɗe shi, a fitar da shi, a zubar inda ƙananan yara da awaki ba za su kai ba. Daga yanzu kuma duk kwalbar da kika buɗe, ki sa biro ki rubuta kwanan wata a jikinta.

Ita kuwa ɗalibar tawa, yaron ya warware, har ya fara rarrafe. Yanzu in za ta asibiti da 'yar takarda take tafiya a jaka, ta rubuta amai, gudawa, zazzaɓi, tari da shiɗewa, kowanne da Turancinsa a gefe. Mata huɗu a ajin sun riga sun kwafa.

Wassalamu alaikum.