Bayan An Sallami Yaro Daga Asibiti, Wa Ke Riƙe da Zancensa?

A farkon shekarar 2010 yara ƙanana suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara ta hanyar da ba a saba gani ba. Yaro ya fara amai, ya yi taune-taune, ya suma, kafin a ankara rai ya yi halinsa. Mutanen gari sun ce agwagi ne suka fara ƙarewa, amma babu wanda ya kawo wa ransa cewa abin da ya ci su shi ne zai ci yara. Ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, wato MSF, da suka shigo yankin a watan Maris suna bin sawun sanƙarau, su suka ga maganin zazzaɓi ba ya ci, suka sa aka gwada jini. Gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Binciken da aka yi a ƙauyukan Dareta da 'Yar Galma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda. A faɗin yankin, aƙalla yara 400 aka rasa.

Wannan labari an sha ba da shi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne aikin da ya riƙe ran waɗanda suka tsira, wato aikin nas mai bibiyar majinyaci.

Dalma ba ta fita daga jiki a tashi ɗaya. Tana shiga jini, sannan ta kwanta a ƙashi ta yi shekaru. Yaron da aka samu dalmar jininsa ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita ana ɗora shi a kan wani magani mai suna DMSA, wanda ke kama gubar ya fitar da ita ta fitsari. Ana shan sa kusan mako uku zuwa huɗu a jere. Da an gama, dalmar da ke ƙashi sai ta sake sulalowa cikin jini, a sake gwaji, a sake zagaye na biyu, na uku, wani yaron ma fiye da haka. Ga kuma babban sharaɗi: in yaro ya koma ɗakin da ƙasarsa ke cike da ƙurar dutse, aikin ya koma baya. Shi ya sa yaran ƙauyen Bagega suka yi ta jira har 2013, sai da gwamnatin tarayya ta saki kuɗi aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, sannan aka fara ba su magani.

To, wa zai tuna cewa gwajin yaro kaza ya zo ranar Talata? Wa zai gano cewa uwar ta daina ba da maganin ne don an yi rasuwa ta tafi zaman makoki wani ƙauye? Wa zai lura mahaifin ya sake shigo da buhun dutse zaure? Likita yana ganin yaro na 'yan mintoci, mai gwajin jini kwalba kawai yake gani, masu kwashe ƙasa gida suka sani. Sai an sami mutum ɗaya da labarin yaron gaba ɗaya yake hannunsa, daga ranar da aka buɗe masa kati har ranar da aka tabbatar ya warke. Shi ne yake tsara ranakun dawowa, ya haɗa iyali da likita da ɗakin gwaji, ya rubuta takardar tura majinyaci Gusau ko Sakkwato kuma ya bi ya ji ko an isa. In ba a ga yaro ranar da aka sa ba, ya kira waya, ko ya aika ta hannun mai unguwa ko direban motar kasuwa. Yakan zauna da uwa ya yi mata bayani da harshen da take ji, ba tare da tsawa ba. Ni a ganina wannan zaman da uwa shi ne rabin aikin, domin ita ce za ta ɗura maganin safe da yamma, ba ma'aikacin asibiti ba.

Kuma kada a ɗauka zancen dalma ne kaɗai. Yaron da tamowa ta kama a Gummi, aka sallame shi da abincin gina jiki na ƙunshi, yana buƙatar wanda zai tabbatar ana dawo da shi awo. Mai tarin fuka wata shida yake shan magani, kuma da yawa sukan bari da zarar tari ya lafa. Yaron da cutar noma ta ci wa fuska, aka kai shi asibitin noma na Sakkwato, tiyatarsa kan zo kashi-kashi. Yau da rashin tsaro ya tarwatsa ƙauyuka, iyalai suka cika garin Anka suna gudun hijira, majinyaci kan ɓace wa asibiti cikin dare ɗaya, ya bar katinsa a gidan da ba zai iya komawa ba.

A wasu ƙasashe an mayar da wannan aiki fanni mai zaman kansa da takardar shaidarsa. A Amurka, hukumar ANCC tana ba nas-nas shaidar ƙwarewa a kansa, kuma kafin mutum ya zauna jarrabawar sai yana da lasisin jinya mai aiki, ya yi shekara 2 yana aikin jinya, ya cika awa 2,000 a bibiyar majinyata cikin shekara 3 da suka wuce, ya kuma yi awa 30 na ƙarin karatu a fannin. Duk shekara 5 ake sabunta ta. Abin lura a nan shi ne aiki ke gaba, takarda na biye.

A nan gida ƙofar ita ce Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Sai mutum ya yi karatu a makarantar da ta amince da ita, kamar ta Gusau, ko ya yi digirin jinya a jami'a irin ta Usmanu Ɗanfodiyo ko Bayero ko Ahmadu Bello, ya ci jarrabawarta, ta yi masa rajista. Lasisin ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci, bayan an halarci kwas ɗin ƙarin ilimi na dole. Daga nan fannonin da suka fi kusa da wannan aiki su ne jinyar lafiyar al'umma da jinyar yara. Shawarata ga ƙannenmu masu sha'awa: ku nemi aiki a sashen da ake bin majinyaci na dogon lokaci, na tamowa ko tarin fuka ko cuta mai karya garkuwar jiki, ku riƙa rubuta abin da kuka yi da tsawon lokacin da kuka yi, shugaban sashe ya sa hannu. Ku koyi adana bayanai a takarda da kwamfuta, ku koyi riƙe sirrin mutane. Duk wanda ya tallata muku satifiket a intanet cikin kwana biyu, ku tambayi majalisar ko ta san da shi kafin ku biya ko sisi.

A shekarar 2022 MSF ta miƙa shirin dalma ga gwamnatin Zamfara bayan fiye da shekara goma tana gudanar da shi. A cikin waɗannan shekaru 'ya'yan yankin da dama sun koyi bibiyar majinyaci a aikace, a kan babur, a hanyoyin da mota ba ta shiga da damina. Bai kamata a bar wannan ilimi ya watse ba. Ma'aikatar lafiya ta jiha tana iya ware gurbin nas mai bibiya a manyan asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum, ta ba shi waya da kuɗin mai da rajista, ta kuma ɗauki nauyin ƙarin karatunsa. An ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar a Disambar 2024, kuma dutsen da ya kashe yara a 2010 yana nan a ƙarƙashin ƙasarmu.

Iyaye kuma, idan aka sallami yaronku, kada ku fita sai kun san sunan ma'aikacin da zai riƙa bin lamarinsa, da lambarsa, da ranar dawowa. Ku adana katin a leda tare da muhimman takardunku, yadda ko gudu ya kama za ku tafi da shi. Maigidan da ke zuwa wurin haƙa ya yi wanka ya sauya kaya a can kafin ya ɗauki ɗansa, dutse kuma kada ya ƙetare ƙofar gida. In yaro ya yi taune-taune, ku kai shi asibiti nan take, ku faɗa wa nas cewa akwai mai aikin zinare a gidan.