Gaskiya ko Jita-jita: Sana'ar Ba Da Shawarar Lafiya a Ƙasar Gwashi

Wata sana'a ta shigo yayi, har ta iso yammacin Zamfara ta cikin wayoyin hannu. Matashi zai buɗe shafi a Facebook ko zaure a WhatsApp, ya ce shi mai koya wa mutane kula da lafiyar jiki da ta zuciya ne baki ɗaya: abinci, barci, motsa jiki, kwanciyar hankali. Da yawansu da gaske suke. Wani ya yi jinyar mahaifiyarsa a kan hawan jini, wata ta ga yadda tamowa ke cinye yaran unguwarsu, sai suka ƙuduri aniyar taimakon jama'a, su kuma samu abin kai wa bakin salati. Buri ne mai kyau. Maganganun da ke bin sana'ar, daga Gwashi zuwa Bukkuyum, Anka da Gummi, su ne ke buƙatar a ɗora su a sikeli.

An fi jin cewa idan niyya ta yi kyau, ba sai an yi karatu ba, ai Allah ke warkarwa. Waraka daga Allah take, babu musu. Amma niyya ba ta gano cuta, kuma mutanen wannan yanki sun ga haka da idonsu a 2010. Yara suna suma, suna jijjiga, suna amai, ana zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Iyayensu ba su rasa ƙauna ba. A watan Maris na shekarar ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara, kuma sai da aka gwada jini aka gane gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake dakawa, ake niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, da Dareta da Abare a Anka.

Wannan tarihi ne ya sa kalmar "wankin jini" ke da kasuwa a nan, kuma ita ce jita-jitar da ta fi tayar min da hankali. Ana cewa shayin ganye, ko man habbatus sauda, ko ƙaho, suna fitar da kowace irin guba daga jiki. Ga dalma kam, ba haka ba ne. Idan ta shiga jiki ba ta tsayawa a jini kaɗai. Mafi yawanta ƙashi take komawa ta kwanta shekara da shekaru, inda ƙaho ba ya kaiwa. Maganin da aka ba yaran Anka da Bukkuyum, mai suna succimer, yana kama dalmar ne ya fitar da ita ta fitsari. Ana fara shi idan awon dalmar da ke jini ya kai 45, ana kuma sake gwaji bayan kowane zagaye. Shi ma bai isa shi kaɗai ba. Dole aka fara kankare ƙasar tsakar gida, aka zuba sabuwa, domin yaron da ya sha magani ya koma rarrafe a ƙasa mai guba, jiya-i-yau ke nan. Abin da ya sa yaran garin Bagega suka jira magani har 2013 ke nan, lokacin da gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin share garin.

Duk da haka akwai ƙwayar gaskiya a batun abinci. Yaron da ke da ƙarancin jini, ko yake yini da yunwa, hanjinsa ya fi zuƙar dalma, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙananan yara na zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke zuƙa. Kwaɗon zogale, wake, nono da hanta suna rage wannan haɗari, ko da yake ba sa fitar da wadda ta riga ta shiga. A nan ne mai ba da shawara ke da aikin yi na gaske: ya gaya wa mai haƙar zinare ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa, kada a shigo da dutse gida, kada turmin daka dutse ya koma na hatsi.

Sai masu cewa abin gargajiya ba ya cutarwa, tunda daga ƙasa ya fito. Dalma ma daga ƙasa ta fito. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Najeriya, aka bi diddigi aka iske tozalin da ake sa masa ne, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Zuma, duk da amfaninta, ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Akwai kuma batun takarda. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC izinin ciniki ce, ba ta mai da mutum likita. Lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L a jikin kwalbar maganin gargajiya tana nuna an duba cewa ba ya cutarwa idan an sha yadda aka rubuta. Ba shaida ce cewa yana warkar da ciwon suga ko hawan jini ba. Duk wanda ya ce wa mai hawan jini ya ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma kan garin maganin gargajiya, ya jefa shi hanyar shanyewar ɓarin jiki. Mai son ya duba marasa lafiya da hannunsa, ga Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe nan, ya je ya yi karatun.

Ta fuskar kuɗi, ana ruɗin matasa cewa su sayi kwalin maganin ƙarin lafiya, su kawo mutum biyu, su ma su kawo nasu, arziki ya samu. A irin wannan tsari na sama ke ci, na ƙasa ya tashi da kaya jibge a ɗaki da bashin 'yan uwa. Masu cewa mutanen karkara ba za su biya kuɗin shawara zalla ba kuwa, sun fi kusa da gaskiya, musamman yanzu da 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu. Wanda zai ɗore shi ne mai abin sayarwa na zahiri, kamar garin kunun yara na gero, waken suya da gyaɗa, shawara kuma ta biyo kyauta.

Ga abu guda da kowa zai iya koya cikin yini ɗaya. Akwai ɗan tsiririn awo mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Sai a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin tamowa ne. Wannan yaro ba na kunu ba ne, ba na shayin ganye ba. A kai shi asibitin Anka, Gummi ko Bukkuyum a ranar.