Kafin A Ce "Sai An Yi Fomatin": Yadda Ake Sabunta Tsohuwar Kwamfuta Ba Tare Da Asarar Fayil Ba



Batunmu na wannan mako ya shafi duk mai tsohuwar kwamfuta, musamman malaman da ke ajiye makin jarrabawa da takardun darasi a cikinta. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun ranar 14 ga Janairu, 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, sai dai an daina aiko mata da gyaran tsaro na yau da kullum, ban da wadda aka shigar cikin shirin ƙarin wa'adi. Duk ƙofar da masu kutse suka gano, a buɗe za ta zauna.

Dole dai a sabunta. Amma da yawa daga cikinmu mun san yadda abin ke ƙarewa: a kai wa mai gyara, ya ce "sai an yi fomatin", a dawo da kwamfuta fes, makin zango guda da hotunan gida duk sun tafi. Fomatin shafe rumbun ajiya ne, kuma sau da yawa ba a buƙatarsa.

Aikin farko shi ne kwafi, kuma a nan za mu fi tsayawa. A samu filashi ko rumbun ajiya na waje, a kwashe foldojin Documents da Pictures da Downloads. Kada a manta da Desktop, domin a nan yawancinmu muke jibge komai. Kwafi a cikin kwamfutar kanta bai wadatar ba, ko da a ɓangaren D: ne, domin idan rumbu ɗaya ne aka raba biyu, ranar da ya lalace duka za su tafi tare. Idan an gama, a cire filashin a kai shi wata kwamfutar, a buɗe fayiloli kaɗan a tabbatar suna buɗewa. Mun nanata wannan ne saboda bairos ɗin nan da ke yawo a shagunan buga takardu, wanda ke ɓoye fayilolin gaske ya bar alamarsu kawai. Mutum zai ɗauka yana da kwafi, alhali hoto ne. Takardu masu nauyi irin na sakamakon jarrabawa, gara a ƙara aika su Google Drive ko imel.

Akwai abubuwan da ba sa cikin folda: kalmomin sirri na imel da Facebook da burauza ta haddace, da lambar lasisin Microsoft Office. A rubuta su a adana. Idan kuma an kulle rumbun da BitLocker, a nemo mabuɗinsa mai lambobi 48 tun kafin a taɓa komai.

Sai a duba ko kwamfutar za ta iya ɗaukar Windows 11. Tana buƙatar ram na akalla gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da kuma na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0. Ƙaramar manhajar PC Health Check, wadda Microsoft ke bayarwa kyauta, za ta faɗi amsa cikin ɗan lokaci.

Idan ta ci jarrabawar, a sabunta daga cikin Windows 10 ta hanyar Windows Update, ko a sauko da manhajar daga shafin Microsoft a buɗe fayil ɗin Setup alhali kwamfutar tana kunne. Za a ga zaɓi uku. Wanda ake nema shi ne "Keep personal files and apps", wato a bar fayiloli da manhajoji. Wanda aka rubuta "Nothing" shi ke share komai, don haka a karanta kafin a danna. Wani tarkon kuma: manhajar da ke ɗora Windows a kan filashi tana goge duk abin da ke cikinsa. Kada a ba ta filashin da aka yi kwafi a kai; a nemo wani daban mai gigabait 8 ko fiye.

Maganar wuta kuwa, kowa ya sani. Aikin kan ɗauki awa ɗaya ko fiye, kwamfutar tana mutuwa tana tashi da kanta, kuma ɗauke wuta a tsakiya na iya hana ta tashi. A jira lokacin da janareta ko sola ke aiki, kwamfutar tafi-da-gidanka kuma a cika batirinta a bar ta a jone.

Bayan an gama za a ga wata folda mai suna Windows.old. Kada a goge ta don neman fili, da ita ake komawa tsohuwar manhajar cikin kwana 10 idan firinta ko wata manhaja ta ƙi aiki.

To wadda ta faɗi jarrabawar fa? Yawancin masu Windows 7 nan za su tsaya. Akwai dabarun tilasta wa irinsu Windows 11, amma mu ba mu ba da shawarar yin haka a kwamfutar da ke riƙe da makin ɗalibai ba, tunda Microsoft bai yi alƙawarin ci gaba da aiko mata da gyara ba. Mun fi son Linux Mint: kyauta ce, ba ta da nauyi, kuma tana zuwa da LibreOffice mai buɗe fayilolin Word da Excel. Ana iya gwada ta daga filashi ba tare da an taɓa rumbun ba. Ranar ɗora ta gaba ɗaya kuwa, zaɓin "Erase disk" zai share komai, sai an dawo da fayiloli daga kwafin nan da aka gwada.