Kayan Kwana A Gona: Abin Da Akwatina Ya Koya Min

Duk wadda za a je kwana ƙauye da ita lokacin kaka, ta tsaya ta ji labarina kafin ta rufe akwati.

Wani watan Oktoba Baba ya kwashe mu gaba ɗaya zuwa gonar kakanmu da ke bayan Dawanau, kan hanyar Katsina, can gaba da kasuwar hatsi, za a yi roron wake. Kwana uku za mu yi, mata a ɗakin kaka, yara a rumfar kara. Umma ta ce, "Ke ce babba, ki haɗa mana kaya." Ni kuwa da na ji Yaya, ɗan baffanmu, zai zo, sai na cika akwati da leshi, hoda, jan baki da takalmi mai tsini. Gidan sauro yana rataye a ƙusa, na dube shi na wuce.

Wayyo! Takalmin nan ko kunya ɗaya bai tsallake ba, leshi kuwa ƙarangiya ta gama da shi. Da dare sauro ya yi biki a kan autanmu. Mun dawo gida da kwana goma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, har sai da aka ba shi gado. Umma ba ta yi min faɗa ba, kallona kawai ta yi. Wallahi gara duka.

Don haka, ƙawata, fara da kayan dare: gidan sauro, tabarma, bargo saboda sanyin asuba, tocila da batir, da ashana. Ki sa rufaffen takalmi, ki riƙa kakkaɓe shi da safe saboda kunama. Atamfa biyu da mayafi sun ishe ki. Kar ki manta buta, sabulu, man shafawa da audugar mata, don ba abin da za ki aiki yaro nema a ƙauyen mutane ba ne.

Ga yara, ki tafi da farasitamol, ruwa mai tsabta a jarka, garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Idan gudawa ta kama yaro, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin cokali, cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, ki riƙa ba shi kafin a kai asibiti.

Sai tsaraba: goro, sukari, ganyen shayi da sabulu. Shiga gidan kaka hannu rabbana abin kunya ne.

Yaya kuwa? Ko kallon leshina bai yi ba. Ƙanwata da ta zo da tocila ya yi ta yabo, wai ita ce mai hankali.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.