3.2 Tasirin Yanayi da Dokokin Hukuma a kan Makwancin Marasa Muhalli

A wannan kaso za a duba yadda yanayi da dokokin hukuma suke shafar inda marasa muhalli ke kwana. A garuruwa irin su Masama ta ƙasar Gwandu, zaure shi ne masaukin baƙo da almajiri. To amma bayan kaka, idan 'yan ci-rani suka nufi Birnin Kebbi ko Sakkwato, sukan tarar da sababbin gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe, babu zaure. Da bazara sukan kwana a fili, a rumfunan kasuwa da tashoshin mota. Hunturu da damina kuwa sukan tilasta musu neman harabar masallatai da kangaye.

Ta fuskar hukuma, a shekarar 2020 Gwamnatin Jihar Kano ta haramta bara a kan tituna, sannan gwamnonin Arewa suka mayar da almajirai jihohinsu saboda annobar korona. A daminar wannan shekara kuma ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Jihar Kebbi.

Daga nan za a fahimci cewa dokar da ta tashi mutum daga titi ba tare da tanadin masauki ba, makwanci kawai ta sauya masa.