Injin Roka Da Ake Ginawa Kamar Rumbu: Darasi Ga Kurfi Da Dutsin-Ma

Magina rumbun ƙasa a ƙauyukan Kurfi suna ɗora laka ne sahu bisa sahu, na ƙasa ya sha iska kafin na sama ya hau. Da irin wannan dabara ake ƙera sassa mafi wuya na injin roka a yau, wato tukunyar da mai ke ƙonewa a cikinta da bututun da ke fesar da wutar.

Babbar matsalar waɗannan sassa ita ce zafi. Wutar cikin tukunyar tana haura digiri 3,000, alhali jan ƙarfe yana narkewa a digiri 1,085. Don kada bangon ya narke, sai a bi da man mai sanyi ta siraran hanyoyi a cikin bangon kafin ya isa wurin ƙonewa. A da, sai an lanƙwasa bututu masu yawa an liƙe su ɗaya bayan ɗaya, aikin watanni, kuma kowane maliƙi wuri ne da zai iya yoyo.

Yanzu na'ura kan shimfiɗa garin ƙarfe da kaurinsa bai kai silin gashi ba, hasken leza ya narkar da inda zanen kwamfuta ya nuna, a sake shimfiɗa wani, har tukunyar ta fito da hanyoyinta a jikinta. Idan bututun babba ne, sai a riƙa fesa garin cikin hasken kai tsaye.

Wannan ya wuce gwaji. Injin Rutherford na kamfanin Rocket Lab ya fara tashi a 2017. A watan Mayun 2024 kuma kamfanin Agnikul na Indiya, wanda ya tsiro a cibiyar fasaha ta IIT Madras, ya harba roka da injin da aka gina dunƙule guda.

Misalin Indiya ne ya fi jan hankalina. Nijeriya ta kafa hukumar NASRDA a 1999, tana da cibiyar binciken injinan roka a Epe ta Jihar Legas, amma daga Rasha aka harba mana NigeriaSat-1 a 2003, daga Sin kuma NigComSat-1R a 2011. Mai hawa dokin aro ba ya zaɓen ranar tafiya.

A ganina, tunda an rage buƙatar katafariyar masana'anta, abin da ya rage shi ne tsayayyiyar wutar lantarki, garin ƙarfe mai tsabta, da masanan da za su iya gano ɓoyayyen rami ko tsaga a cikin ƙarfen. Jami'a ce ke samar da na ukun. Ina kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da ta nemi haɗin gwiwa da cibiyar Epe, ta fara koya wa ɗalibanta da ƙananan na'urori masu aiki da roba. Hannun da ya iya wannan zai iya ƙera sassan famfunan ban ruwa na manoman madatsar Zobe tun kafin a kai ga roka.