Ɗaukar Hoton Taurari Masu Nisa a Samaniyar Ƙasar Kabi

Duk wanda ya taɓa kwana a fadamar Gulbin Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, a daren da babu farin wata, ya san yadda taurari kan cika sama maƙil. Sai dai abin da ido ke gani kaɗan ne daga abin da ke akwai. Alal misali, tarin taurarin nan da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, shida ko bakwai ido kan ƙirga, alhali kuwa sun haura 1,000, kuma haskensu kan yi tafiyar shekara kimanin 440 kafin ya iso duniya.

Dalili shi ne ido ba ya ajiye haske. Abin da ya shigo masa nan take yake wucewa. Ita kuwa kyamara, in aka bar ƙofarta a buɗe, takan tara haske sannu a hankali kamar yadda randa ke tara ruwan indararo. Ta haka ne Henry Draper ya ɗauki hoton farko na gajimaren iskar gas da ke cikin taurarin Oriyon a 1880. A 1969 kuma Willard Boyle da George Smith suka ƙago na'urar CCD mai mayar da haske lantarki, wadda ta buɗe ƙofar kyamarar dijital. A yau ɗalibi mai kyamara da ƙaramin madubin hangen nesa yana iya ɗaukar hoton Andiromeda, wani gungun taurari da haskensa ya baro gida shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce.

Babbar matsalar aikin ita ce juyawar duniya, wadda ke sa sama ta gusa digiri 15 a kowace sa'a. In kyamara ta tsaya wuri guda, taurari sai su fito zare-zare. Saboda haka ake ɗora madubin bisa mazauni mai inji da ke bin tafiyar sama, a kuma saita shi da tauraron arewa. A Birnin Kebbi wannan tauraro bai wuce digiri 12 da rabi daga ƙasa ba, don haka ana bukatar fili wanda itatuwa ba su tare arewacinsa ba. Daga nan sai a ɗauki gajerun hotuna da yawa, kwamfuta ta haɗe su. Hoto 100 da aka haɗe yakan fi guda ɗaya tsabta sau 10.

Zaɓen lokaci ma wajibi ne. Da damina hadari kan rufe sama, da hunturu kuma hazo kan dushe ta. Mafi kyawun lokaci shi ne kaka, wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ruwa ya wanke ƙura. Amma a yi hattara da raɓar fadama, domin takan lulluɓe gilashi kafin asuba.

Kusancin yankin da tsakiyar duniya wata baiwa ce, domin ana hango taurarin kudu irin su Omega Sentauri, waɗanda ba a gani daga Ingila. Abin da ke barazana ga wannan baiwa shi ne fitilu. Tun da Birnin Kebbi ta zama hedikwatar jiha a 1991 gari ke faɗaɗa, hasken da ke tashi sama kuma yana shafe taurari marasa ƙarfi. Maganin ba mai tsada ba ne: a yi wa fitilun waje murfi, haskensu ya dubi ƙasa inda ake bukatarsa.